Kakana sojan ruwa ne a Yaƙin Hitila?

Tambaya: Malam, daga Garwa nake rubutowa. Tun ina yaro tarihin yaƙe-yaƙe ya shiga raina, saboda kakana da ƙanensa, Allah ya jiƙansu, ba su da hira sai ta jirgi da teku a Yaƙin Hitila. Anya mutumin arewacin Kamaru ya yi sojan ruwa? Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Amin, Allah ya kai rahama kabarinsu. Yana yiwuwa, amma na fi zaton sojan ƙasa ne da aka yi jigilarsu a jirgi.

A ranar 26 ga Agusta 1940 Gwamna Félix Éboué ya sa Chadi ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, washegari hafsansa Leclerc ya karɓe Duwala ta Kamaru. Rundunar ruwan de Gaulle, wadda Admiral Muselier ya jagoranta, ƙarama ce, kuma 'yan Afirkan da aka fi ɗauka aikin jirgi mutanen bakin teku ne. Namu na arewa bindiga ake ba su, su taka ƙasa. Wasu sun bi Leclerc daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka keta Sahara suka ci Kufra ta Libiya a Maris 1941. Wasu kuma an loda su a jirgi zuwa fagagen yaƙi masu nisa, har da saukar da aka yi a kudancin Faransa ranar 15 ga Agusta 1944. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ba, ya yi makonni ba tudu ba bishiya, ga amai ga fargabar jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, ai dole teku ta cinye hirarsa. Haka ma waɗanda suka shiga sojan Ingila ta Najeriya: a jirgi aka kai su Indiya, sannan Bama.

Amma in ka taɓa jin tsofaffin suna ambaton Gabon, to ka kasa kunne, don a can an yi yaƙin ruwa. A gaban Libreville, ranar 9 ga Nuwamba 1940, jirgin Savorgnan de Brazza na de Gaulle ya yi luguden wuta da jirgin Bougainville na gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus, har ya nutsar da shi. Jirage biyu ƙira ɗaya, dukansu na Faransa.

Fara da hoto, in akwai. Jar dara a ka, sojan ƙasa ke nan. Hula mai faɗi da jan tuntu a tsakiya, da riga mai ratsi a ƙirji, wannan sojan ruwan Faransa ne. Sai ka roƙi iyaye mata su buɗe tsohuwar adaka, don a nan littafin soja da lambobin yabo suka fi kwana. Takardun sojan ƙasa suna ma'ajiyar soja ta garin Pau a Faransa, na ruwa kuwa garin Toulon za ka nufa. Ka rubuta musu da Faransanci, ka sa lambar sojansa da shekara da garin da aka ɗauke shi. Sunan kuma ka kwafe shi daidai yadda Bature ya rubuta a littafin, ko da ya karkace.