Yaron gareji ya juye mini galan guda cur, yanzu mota tana ɗigar da baƙin mai

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Camry ƙirar 2004 mai fulogi huɗu, irin wadda ake ce wa Big Daddy. Ranar Asabar na kai ta juye, na sayo galan mai lita 5, yaron garejin ya juye shi tas a gabana. Na ce masa anya bai yi yawa ba? Ya ce baƙin mai ba ya yawa, inji zai shanye. Washegari na je ɗaurin aure Kaduna na dawo. Tun daga ranar, duk inda na ajiye ta sai in tarar da ɗigon mai a ƙasa, kuma tana ɗan fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Na zaro geji na ga man ya haura alamar sama sosai. Wani abokina ya ce in sayi maganin kaurara mai in ƙara, wai zai toshe yoyon. Motar nan da kuɗin adashi na saye ta, ita ke kai yara makaranta, wallahi barci ya gagare ni. Na kashe injin ke nan?

Mai karatu daga Tudun Jukun, Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka. Yadda ka faɗa ɗin nan, ban ji ka ambaci ƙarar ƙwanƙwasa daga cikin inji ba, ba ka kuma ce jar fitilar nan mai kama da buta ta kama a dashbod ba, don haka ina kyautata zaton injinka da sauran rai. Amma kada ka ƙara hawa titi da ita sai an rage man. Shawarar abokinka kuwa ka ajiye ta gefe: inji yana kukan mai ya yi masa yawa, ta yaya za a ƙara masa wani gwangwani?

Injin da ke cikin motarka lita 3.8 yake ɗauka idan an canza har da filta. An zuba masa 5. Ƙarin ya haura lita guda ke nan, kuma wannan ba ɗan kuskure ba ne. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin geji kusan lita ɗaya ne kacal. Da ɗan ɗigo ne ya haura layi da ban ce maka komai ba, don masu ƙera inji sun bar ɗan sarari. Naka ya wuce wannan sararin.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar yaron nan, don ita ce ke ƙona mini rai. "Baƙin mai ba ya yawa." Babu makon da zai wuce ban ji ta ba, daga Sabon Gari har Kwangila, a bakin yara da manyan ogogi masu furfura. Wani ya ce gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Wani ya ce in za ka yi doguwar tafiya ka ɗan ƙara na guzuri. Duk ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai cin inji.

Ka ɗauki kaskon da ke ƙasan inji, wanda muke ce wa botom filet. Nan mai yake kwanciya, famfo yana tsotsarsa ta matata yana tura shi sama. Kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, yana juyawa a samansa, ba ya taɓa shi, da gangan aka bar tazarar. Lokacin da kake tsakanin Jaji da Mararraba, allurar inji tana kan 3,000, kiranshaf ɗinka yana zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Idan mai ya taso har ya kai gare shi, to ya zama maburgi. Ka taɓa ganin yadda uwargida ke burga miyar kuka har ta yi kumfa? Haka man yake komawa, rabi mai rabi iska. Famfo an yi shi ne don ya tura ruwa mai jiki, kumfa kuwa matsewa take yi. Sai ƙarfin man da ke shiga tsakanin kiranshaf da metal, wato 'yan ƙarafunan da yake juyawa a kansu, ya ragu, alhali wannan siririn shimfiɗin man shi kaɗai ne ke hana ƙarfe goga ƙarfe. Mutum yana zaune a mota yana jin daɗi wai ya ƙoshar da inji, can ciki kuwa metal yana fama da ƙishirwa. Injin da aka cika wa mai yana iya mutuwa irin mutuwar injin da mai ya ƙare masa, kuma wannan ne abin da na kasa sa mutane su yarda da shi sai na kwance inji na ɗora musu metal ɗin a tafin hannu sun ga yadda ya zazzage.

"Inji zai shanye" ɗin ma a duba ta. Gaskiya ne yana shanyewa, amma ta wace hanya? Akwai ɗan bututu a saman inji da muke kira birida, aikinsa ya kwashe tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi wajen ƙonewa. Idan kiranshaf yana fesa mai, feshin yana bin wannan bututu ya shiga inda iska ke shiga, ya ƙone tare da fetur. Wani kuma ya fi ƙarfin ringi ya haura saman fistin. Hayaƙin nan mai shuɗi da kake gani, shi ne shanyewar da yaron yake nufi. Yana baƙanta bakin fulogi, mota ta fara tsallake wuta. Yana lulluɓe na'urar da ke auna iskar salansa, mota ta fara shan fetur. Yana toshe indomin da ke cikin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, kuma kowa ya san kuɗinsa a kasuwa yanzu. To wace riba aka ci? Garin neman gira an rasa ido. A motocin dizal lamarin ya fi muni, don injin dizal yana iya ci da baƙin man kansa, ya yi ta hauhawa da gudu, ka zare makulli ya ƙi mutuwa.

Na san inda wannan aƙida ta samo asali. Iyayen gidanmu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504 da tsofaffin bas-bas waɗanda ringinsu ya riga ya cinye, direba ba ya barin tasha sai da galan a but. Motar da ke shan lita guda tsakanin Zariya da Kano, in ka cika mata, kafin Kwanar Dangora ta sauke shi. Sai aka gaji ɗabi'ar aka bar dalilinta, ana yi wa lafiyayyen inji abin da ake yi wa mai ciwo.

Masu mota ma da laifinku, kuma zan faɗa. Da yawa cikinku ku ne kuke tsayawa a kan yaro ku ce sai ya juye galan duka, don kada ragowar ta zama tasa. Na ga wannan da idona a garejinmu. Wani bawan Allah ya kawo Honda Accord, irin wadda ake kira EOD, mai ɗaukar lita 4.2. Yarona ya auna ya zuba, ya miƙa masa ragowar. Mutumin ya karɓi galan ya jijjiga, ya kalli yaron, ya buɗe murfi da kansa ya ƙarasa juyewa, har yana kifa galan ɗin ya tsiyaye. Na yi masa bayani, ya ce ai kuɗinsa ne. In tsoron a cuce ka kake yi, ragowar taka ce, ka rufe ta da kyau ka saka a but, ranar da geji ya sauka ka ƙara. Ku kuma 'yan'uwana kanikawa, ku ji tsoron Allah. Mota amana ce aka ba ku, wani shekara uku ya yi yana tara kuɗinta. Zaro geji a goge a mayar bai kai minti ɗaya ba. Adadin man kowace mota yana cikin littafinta, in littafin ya ɓata yana intanet, wayar da kuke kallon ƙwallo da ita za ta nuna muku. Wanda bai san litar da inji ke ɗauka ba bai kamata ya riƙe mazurari ba, kuma ogan da ya bar yaro yana yi wa mutane fatawar da bai sani ba, alhakin yana wuyansa.

Sai maganar yoyo, wadda ita ta fi tayar maka da hankali. Mai da ya yi yawa yana rage wurin iska a cikin inji, yana kuma dukan oyil sil ɗin gaba da na baya, wato robobin da ke hana mai fita ta bakin kiranshaf, fiye da yadda aka tsara musu. Sabon sil mai laushi yakan jure. Amma motarka ta haura shekara ashirin, robobinta sun sha zafin watan Maris da Afrilu sun bushe, ƙurar hunturu ta ci bakinsu. Ƙarin man ya samu inda ya riga ya yi rauni ne ya bi. Shi ya sa wani lokaci da an rage mai yoyon yake tsayawa ko ya ragu sosai, wani lokaci kuma sil ɗin ya riga ya buɗe sai an canza. Kada ka yarda a sauke maka giya tun yanzu. Yoyon da ya fara washegarin juye, kafin in zargi sil sai na duba abubuwa uku masu araha: robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, yaro bai lura ba ya ɗaura sabuwa a kanta, ɗan zoben da ake sa wa notin juye, wanda muke ce wa wasa, yakan gaji, ko a manta da shi gaba ɗaya, sannan man da ya malala lokacin zubawa yakan kwanta a lungunan inji ya yi kwanaki yana ɗiga.

Ga abin da za ka yi. Ka kira bakanike ya zo gida, ko in garejin kusa ne ka lallaɓa a hankali. A bar inji ya huce. A sassauta notin ƙasa a tari man a roba mai tsabta, kaɗan-kaɗan, ana ɗaurewa ana duba geji. In ba a son taɓa notin, siririyar robar ƙarin ruwa da babban sirinji suna zuƙo shi ta ramin geji, aikin yana ɗaukar lokaci amma ya fi tsabta. Awon kuma a yi shi a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a kan gangara ko taya ɗaya a kwata ba, bayan an kashe inji da minti biyar zuwa goma. A goge geji, a tura shi har ƙarshe, a zaro. Man ya tsaya a kan alamar sama ko ɗan ƙasa da ita. In man da aka taro yana da ƙyalli-ƙyallin ƙarfe idan ka kai shi rana, to ka dakata, kada a tayar da motar, wannan magana ce ta metal.

Bayan nan a ciro birida a girgiza. Mai lafiya za ka ji tana ƙara kas-kas, in ta yi shiru ta toshe, a wanke ko a canza, ba ta da tsada. Toshewarta kaɗai tana iya sa inji yoyo ko da man daidai yake, kuma an sha canza wa mutane sil sau biyu sau uku saboda ita. A duba robar iska a goge man da ya taru, a zaro fulogi a gani. Sannan a wanke ƙasan inji ya bushe, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ka kwana. Camry injinta a gicciye yake. Ɗigo a gefen da bel yake yana nuna sil ɗin gaba ko wajen filta. Ɗigo a mahaɗar inji da giya yana nuna sil ɗin baya, shi ne mai tsadar aiki don sai an sauke giya. In kuma daga sama yake gangarowa, gasket ɗin tof koba ne, aikin ɗan lokaci, amma kada a yi wasa da shi, domin man da ke sauka a kan salansa mai zafi yana iya tayar da gobara. Ka lura da launi ma: ja-ja man giya ne, wannan wata matsala ce daban.

Hayaƙin zai iya ɗaukar 'yan kwanaki kafin ya ɗauke, saboda man da ya riga ya kwanta a salansa sai ya ƙone. In ya wuce mako yana yi, ka dawo a auna ƙarfin matsin fistin. In kuma jar fitilar butar nan ta kama kana tafiya, ka faka nan take ka kashe, ko da a tsakiyar cunkoson PZ ne. Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa, kuma in ta kama 'yan daƙiƙu sun isa a yi ɓarna.

Ga sauran masu karatu da za su zaro geji bayan sun karanta wannan: in ka ga mai ya hau alhali ba wanda ya ƙara, ka shinshina. Warin fetur yana nufin fetur na gangarawa cikin kasko, sau da yawa daga nozul mai ɗiga. In kuma launinsa ya koma kamar shayi mai madara, ruwan lagireto ne ya shiga, a duba gasket ɗin kan inji. Waɗannan biyun ragewa ba ta magance su, sai an juye man duka an gyara inda abin ke shigowa.

Malam, idan ka ɗauki kwalin da safe, ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka janye shi, yadda tayoyin gaba za su fito a hoton, ka turo mini tare da hoton geji.