Rijiyarmu ta ƙafe: laifin burtsatsen maƙwabta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Rijiyar gidanmu a Kano ba ta taɓa ƙafewa ba sai da maƙwabta suka shiga haƙa burtsatse. Yanzu da bazara ta kama sai laka, kullum muna hannun 'yan ga-ruwa. Su ne sanadi? Mu sa a yashe ta ne, ko yaya? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zarginki yana da tushe, sai dai ba gida ɗaya za ki ɗora wa ba. Kano a kan tsohon dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kuma yana maƙale ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsagogin da ke ƙasansa. Ma'ajin ƙarami ne, ba kamar na Maiduguri ba, inda yashi mai kauri ke riƙe ruwa. Duk burtsatsen da aka kunna tana janye ruwan kewayenta ƙasa, rijiyar guga kuwa ba ta da zurfi, ita ke fara jin jiki. Ruwan famfo daga matatun Challawa da Tamburawa ba ya isar gari, shi ya sa kowa ya kama haƙa.

Mu ma da hannunmu a ciki. Mun shafe tsakar gida da siminti, ruwan daminar da zai nutse ya ciyar da rijiya sai ya bi kwata ya fice.

Yasa tana amfani idan laka ce ta toshe idon ruwan. In an riga an tarar da dutse, asarar kuɗi ce. Kuma don Allah kada a kunna janareta a bakin rijiya alhali mutum na ciki, hayaƙinsa na kisa.

Ni dai rufin ɗakinki zan nuna miki. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, Kano kuwa tana samun milimita 800 ko fiye a shekara. Kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi ke nan yana zubar da kimanin lita 80,000, jarka 3,200 mai lita 25. Ba za ki iya adana duka ba, amma ki haɗa indararo da tanki mai murfi saboda sauro. Ruwan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, na sha kuma a tafasa. Rarar a kai ta wani rami da aka cika da tsakuwa da yashi, nesa da masai, ta nutse a hankali. Kada a juye ta kai tsaye cikin rijiya.

A cikin gida, ruwan ɗaurayar kaya ya isa wanke banɗaki. A hana yara alwala a bakin famfo, a ba su buta. Ya inganta cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, wanda bai kai lita 1 ba.