Na kashe inbata, amma wayar sola ta ja ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon cajin waya da buga takardu a Zariya, na sa farantan sola takwas a kan rufi. Ran nan da rana na kashe inbata zan gyara wayar da ta sauko daga sama, sai wuta ta fizge ni, har da tartsatsi. Yaya aka yi, alhali komai a kashe yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare ka, ya kuma kiyaye gaba. Inbata ka kashe, ba ka kashe rana ba. Farantin sola ba shi da makunni. Muddin haske na dukansa, wuta na nan a wayarsa. Babban faranti irin mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 idan ba a jona masa komai ba, kuma idan aka jera takwas ɗaya bayan ɗaya, ƙarfin haɗuwa yake yi, ya doshi bolt 400. Wutar NEPA 230 ce.

Abin da ya fi damuna shi ne tartsatsin da ka gani. Wutar NEPA, wato AC, tana kai da komo, tana sauka sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsinta yakan mutu da kansa. Ta sola DC ce, hanya ɗaya take bi ba hutu. Idan mahaɗar waya ta yi sako-sako, wutar takan tsallaka giɓin ta ci gaba da ci kamar walda, ta narkar da roba, ta kama katakon rufi da silin. Shi ya sa gobarar sola ta fi tashi daga mahaɗa da waya, ba daga farantin kansa ba. Ko a Amurka, a 2019 kamfanin Walmart ya kai kamfanin Tesla, mai kula masa da sola, kotu kan gobarar da ta tashi a rufin shagunan Walmart bakwai.

Ka kira ƙwararren mai haɗa sola, ka tsaya a kansa. Duk inda aka murɗe waya aka naɗe da salatif, a cire, a sa mahaɗar wayar sola da ake kira MC4, iri ɗaya, a matse da abin matsewarta. Wayar ta zama ta sola, mai kaurin 4mm² ko 6mm², a cikin bututu, domin bakin kwano yana yanka waya a hankali idan iska na kaɗa ta, ɓera ma yana ci. Sannan a sa bireka ta DC tsakanin rufi da inbata. Na sha ganin an sa ta AC don ta fi araha, kuma ranar da aka buƙace ta ita ce ke kamawa da wuta. A haɗa ƙarafan farantan da sandar ƙarfe da ake binnewa a ƙasa, a sa na'urar kare tsawa kafin damina.

Tambaya: Malam, baturanmu masu ruwa a ɗakin yara suke, wani lokaci ina jin wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da matsala? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Hajiya, don Allah a yau a fitar da yaran daga ɗakin, a buɗe taga, a tsayar da cajin. Wannan warin alama ce batirin yana cin caji fiye da ƙima ko ya lalace. Irin waɗannan batura suna fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da wari amma ɗan tartsatsi ya isa ya tayar da ita. Wurinsu inda iska ke ratsawa, ba ɗakin kwana ba, da fis a kusa da kan batirin.

Tambaya: Idan wuta ta kama fa?

Amsa: A fitar da mutane tukuna, a kira 112. Idan hanya a buɗe take, a kashe layin NEPA, da inbata, da birekar batir, da birekar DC ta wayar rufi. Kada a watsa ruwan bokiti, kada kowa ya hau kwano. Da 'yan kwana-kwana sun iso, a gaya musu akwai sola a sama, a nuna musu inda baturan suke.