Kafin ku sake fita bishara, ku dubi teburin dattawanku

Salama, ƙanena. Ka ce ikkilisiyarku ta haɗa ƙabilu da yawa, duk zaɓen dattawa sai an rabu bisa yare, sannan kuna fita bishara ƙauyukan Maguzawa da rugagen Fulani, mutane su karɓa, bayan 'yan watanni a neme su a rasa. Ka kawo su a matsayin matsaloli biyu, kana neman maganin kowacce. Ni a wurina ciwo ɗaya ne. Ikkilisiyar da ba ta iya ba ɗan ƙaramar ƙabilar da ke cikinta kujera ba, ba za ta iya riƙe baƙon da ta je har ƙauye ta kirawo ba. Na yi aikin mai bishara a ƙauyukan kudancin Kano da Katsina, daga baya na zauna a majalisar dattawa a gari, don haka na ga abin ta fuska biyu.

Akwai wani abu a tarihinmu da ya kamata duk mai fita bishara ya riƙe. Lokacin da Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka isa Kano a 1900, Sarki Aliyu bai bar su sun zauna ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar, gwamnatinsu ta taƙaita wa 'yan mishan shiga masarautu, sai aikin ya karkata zuwa wasu wurare. Ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasha a Patigi a 1902, Karl Kumm da mutanen ƙungiyar mishan ta SUM suka sauka a Wase a 1904, Stover Kulp da Albert Helser suka fara a Garkida a 1923. Sai a shekarun 1930 aka samu ƙofa sosai a masarautu ta hanyar asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Littafi Mai Tsarki kuwa ya fito da Hausa a 1932. Abin da ya biyo baya shi ne Angas da Birom da Tangale da Bajju da Jaba da Bura da Margi suka karɓi bishara, suka riƙa sujada da Hausa domin ita ce ta haɗa su. Shi ya sa muke waƙa da Hausa, muna wa'azi da Hausa, sunayen ƙungiyoyinmu ma Hausa ne, amma zaman da ke cikin majami'armu ba zaman Bahaushe ba ne. Mu ba ma lura, domin a ciki muka tashi. Bamaguje yana lura tun daga bakin ƙofa.

Mai bishara da ya fito daga Filato ko kudancin Kaduna yakan ɗauka tunda yana jin Hausa, ya riga ya ƙetare kogin. Ai ko bakin ruwan bai kai ba. Zai shiga gidan mutane kai tsaye ba sallama a zaure. Zai miƙa wa matar aure hannu. Zai gaida dattijo a tsaye, ya yi gaisuwa ɗaya ya buɗe Littafi, alhali mai gida yana jira a tambaye shi gajiya da iyali da ruwa da gona. Ranar Lahadi kuma sabon tuba ya zo ya tarar an ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa kusa da takalmi, 'yan mata ba ɗankwali, yaro yana yi wa fasto magana ido cikin ido. Ba wanda ya yi nufin sharri a cikin waɗannan duka. Amma mutumin da ya tashi yana ganin yadda maƙwabtansa Musulmi ke girmama littafinsu da wurin ibadarsu zai koma gida yana tambayar kansa ko waɗannan mutane da gaske suke.

Batun abinci ma kada ka raina shi. Na san gidan da aka gayyaci sabon tuba cin abincin Kirsimeti aka sa masa naman alade, wai don ya nuna ya 'yantu. Wani wurin kuma ana yi masa ba'a da cewa sai ya ɗanɗana naman kare zai zama cikakken ɗan gida. Wannan ba almajiranci ba ne, cin fuska ne. Bulus ya ce idan nama zai sa ɗan'uwansa tuntuɓe, ya bar cin nama har abada. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 ya yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai kaciya da nauyin Shari'a. Mu kuma sai mu juya mu ɗora wa Bahaushe kayan ƙabilarmu mu ce masa bishara ce. Ka je Wusasa ka ga majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929, ginin ƙasa irin na magina Hausawa. Waɗanda suka yi ta sun fahimci cewa Bahaushe ba sai ya bar zama Bahaushe ba kafin ya bi Almasihu. Masihiyawa, wato Hausawa masu bin Almasihu, da ke Kano da Katsina da Jigawa da Zariya har yau wannan maganar suke ta nanata mana.

Amma ba waɗannan ne suka fi korar mutane ba. Abin da ya fi kora shi ne kaɗaici. Kai da aka haife ka a gidan masu bi, ranar da ka yi baftisma an dafa shinkafa. Sabon tuba kuwa ranar da ya yi tasa, wataƙila ya rasa gonar gado, surukai sun zo sun ɗauke matarsa, abokan gayya sun daina zuwa masa noma, mai ba shi bashin taki ya janye. Ka tambayi kanka, in matarsa ta haihu, wa zai zo suna? In ya rasu, wa zai haƙa kabari? In ɗansa ya isa aure, wane dattijo ne a ikkilisiyarku zai ba shi 'yarsa? Wannan ta ƙarshe ita ce jarrabawar da muke faɗuwa. Na zauna a inda dattijo ya yi wa'azi mai daɗi a kan Galatiyawa 3:28, ba Bayahude ba Baheleni, aka yi ta amin. Ba a jima ba wani saurayi Bamaguje, mai bi na kirki, mai sana'a a hannu, ya aika neman 'yarsa, sai aka ce ai ba a san asalinsa ba. Yaron bai yi faɗa da kowa ba. Ya daina zuwa kawai, mu kuma aka rubuta a littafi cewa ya ja da baya.

Zumunta a ƙafa take. A duk wuraren da na ga sabbin tuba sun tsaya, Zumuntar Mata ce ta riƙe su fiye da mu masu wa'azi. Su ne ke zuwa barka da wankan jego, su ne ke kai hatsi gidan da aka yi rashi, su kwana a can. Saboda haka kada kwamitinku na bishara ya zama na maza zalla. Kuma ku rage dogaro ga fita ta kwana uku da lasifika da majigi. Tana da amfaninta, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa sun yi aiki mai yawa da irin wannan fita tun shekarun 1960. Sai dai abin da ya kafa ikkilisiyoyi a ƙauyuka shi ne mai bishara da ya tare da iyalinsa, ya karɓi gona ya yi noma, matarsa ta je rijiya tare da matan gari, 'ya'yansa suka yi wasa da nasu. Haka EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ɗarikar ECWA, ta riƙa aikawa da mutane tun kafin a kafa ECWA ɗin kanta a 1954. In ba ku da halin aika iyali, ku zaɓi ƙauye ɗaya ku lizimce shi, maimakon ƙauyuka goma da za ku leƙa sau ɗaya a shekara.

Za ku ci karo da mai mata biyu ko uku, musamman a cikin Maguzawa. Ku san matsayin ɗarikarku kafin ku je, kada ku yi alkawarin da majalisa za ta warware. Ko Anglika sai a taron bishop-bishop ɗinsu na Lambeth a 1988 suka yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma bisa sharuɗɗa, shekara 100 bayan taronsu na 1888 ya hana. Ra'ayina dai, duk hukuncin da zai jefa mace da 'ya'yanta a titi da sunan tsarki, a sake dubansa.

Yanzu zaɓen dattawa. Ka karanta Ayyukan Manzanni 6 a hankali. Rikicin farko da aka rubuta a ikkilisiyar Urushalima ba a kan koyarwa ba ne, a kan rabon abinci ne. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce musu ku yi shiru kuna kawo rabuwa ba, ba su kuma kira azumi don a rufe maganar ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. Dubi sunayen: Istifanas, Filibus, har da Nikolas mutumin Antakiya wanda asalinsa ma ba Bayahude ba ne. Dukansu bakwai sunayen Helenanci ne. Wato masu rinjaye sun ɗauki tukunyar sun miƙa wa ɓangaren da ya yi kuka.

Mu kuwa me muke yi? Ƙabilar da ta kafa majami'a tana ganin tata ce. Su ne suka sayi fili, su ne suka ɗauki bulo a ka, gaskiya ne. Daren zaɓe sai a bi gida gida, ko a yi taron ƙungiyar ƙabila bayan sujada a fito da suna. In an zo jefa ƙuri'a ana addu'a Ruhu ya bi da mu, alhali tun jiya an gama. Ƙuri'a ba za ta taɓa gyara wannan ba, domin masu yawa kullum su ne za su ci. Sai masu yawan da kansu sun ga dama sun saki. Inda na ga an samu sauƙi, manyan ƙabilar da ta fi yawa ne suka tashi da bakinsu suka kawo sunan wani daga cikin marasa yawa, kuma ba a kujerar ado ba, a ma'aji ko sakatare, inda kuɗi da takarda suke. In kai ɗan masu rinjaye ne, wannan aikin naka ne, ka fara da iyayenka a gida. In kai ɗan marasa yawa ne, ka nemi dattijo ɗaya mai tsoron Allah a cikinsu ka zauna da shi. Maganar ta fi shiga in daga bakinsa ta fito.

Sannan a riƙa karanta lissafin baiko da zakka a fili, a faɗi wanda aka taimaka da kuɗin asibiti ko na makaranta bisa ƙa'idar da kowa ya sani. Rabin zargin ƙabilanci da na ji a rayuwata daga akwatin taimako ya taso. Ku lura kuma da abin da ake yi bayan an tashi sujada. In dattawa suna juyawa zuwa yarensu a tsakiyar taron majalisa, wanda ba ya ji ya riga ya san matsayinsa.

Ban ce a kashe yare ba. A bar kowace ƙabila ta kawo waƙarta ranar godiya, abin sha'awa ne. Iyayenmu da suka kafa TEKAS a 1955, wadda ta zama TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, ba su narkar da ikkilisiyoyinsu sun zama ɗaya ba, tarayya suka yi, suka haɗa hannu a makarantar tauhidi ta Bukuru. Ikkilisiyar HEKAN kuma ta taso a Kaduna domin masu bi daga ikkilisiyoyi dabam dabam da aiki ya kawo birni su sami wurin sujada tare. Rabuwar da na fi jin tsoro yanzu ma ba ta yare ba ce, ta sujadar Turanci da ta Hausa ce. A garuruwa da yawa ta safe ta zama ta ma'aikata da 'yan boko, ta Hausa ta zama ta tsofaffi da talakawa, kuma can ake tura sabon tuba. Jama'a biyu a rufi ɗaya, ba su san juna ba. Ku riƙa haɗa su a Jibin Ubangiji, kuma babban fasto ya riƙa wa'azi a ta Hausa da kansa, kada kullum a bar wa mataimaki.

Game da Fulani, a nan sai an yi haƙuri mai yawa. Akwai mutane a kujerunku da suka binne 'yan'uwansu saboda rikicin manoma da makiyaya, ba za ka ce musu su manta ba. Bafulatanin da ya bi Almasihu kuma yana tsakiya: danginsa sun yashe shi, a majami'a ana kallonsa kamar ɗan leƙen asiri. Kada ku kawo shi gaban jama'a kafin ku shirya jama'ar. Ku fara da gida ɗaya ko biyu da za su karɓe shi da zuciya ɗaya. Ku nemi masu bi Fulani su ja gaba, da Fulfulde, domin akwai su, akwai kuma Littafi da waƙoƙi da harshensu, har da na saurare a waya. Bafulatani mutum ne mai kunya da kawaici, ba zai ce maka yana jin yunwa ba, ba zai ce an ɓata masa rai ba. In kana jira ya kawo ƙara, sai dai ka ji ya tashi da shanunsa.

A wurin wa'azi kuma kada ku zagi addinin kowa ko abin da yake girmamawa. Ku gaida mai gari kafin ku shiga, ku faɗi abin da ya kawo ku ba ɓoye-ɓoye. Kada ku haɗa taimako da sharaɗin tuba, rijiya in kun haƙa ta kowa ce. Yaro ƙarami kada ku karɓe shi a bayan iyayensa. Sai abu na ƙarshe da ya zama ruwan dare a zamanin nan: ku hana matasanku ɗaukar hoton sabbin tuba suna sawa a Facebook da WhatsApp don a ga aikin da kuka yi. Ku za ku hau mota ku koma gari da yamma, shi kuma a ƙauyen zai kwana. In ana bukatar rahoto don masu tallafa muku, a rubuta ba suna, ba hoto, ba sunan ƙauye.