Wane koci ya dace da ƙungiyar da ke shan kashi?

Malam, ka ce ƙungiyarku ta Gusau ta sha kashi sau biyar a jere, kuna neman sabon koci. Ni dai shawarata, kada suna ya ruɗe ku. Ku nemi wanda ya taka filayen Ƙaura Namoda da Talata Mafara, ya san inda yara masu ƙafa suke. Ka tuna Stephen Keshi, kocin Najeriya a 2013: daga gasar cikin gida ya ɗauko Sunday Mba, kuma Mba ne ya ci Burkina Faso ƙwallon da ta ba Najeriya kofin Afirka.

Amma fa tsakani da Allah, kun biya yaran alawus ɗinsu? Ku fara da wannan. In kun ɗauko kocin, ku ba shi kaka guda cur, kuma shugabanni su daina zaɓar masa 'yan wasa.