Amsoshin Wasiƙunku: Kewa, Bege da Gidan da Aka Bari

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, dukkansu daga Zage-zagin da neman abinci ko neman ilmi ya kai ƙasashen waje. Ta farkon ta fi nauyi, a kanta zan fi daɗewa.

Wata baiwar Allah, haifaffiyar cikin Birnin Zariya, da ke aikin jinya a Mancesta ta ƙasar Ingila, ta rubuto cewa: "Malam, ranar da zan taso, gwaggona ta rako ni har zaure, ta riƙe mini hannu ta ce, 'Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.' Maganar nan ta ƙi fita daga raina. Baki ta yi mini ne? Sannan abin da ke taso mini duk magariba, kewa ake ce masa ko bege?"

Malama, kwantar da hankalinki, Gwaggo ba ta yi miki baki ba. Mai yin baki fata yake yi, ya ce kaza ya same ka. Ita kuwa abin da ta sha gani ta faɗa miki. Ki duba kalmar gida da kyau. In aka ce sarautar Zazzau gida huɗu ce, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kowa ya san zuri'a ake nufi. In aka gaishe ki aka ce "yaya gida?", ba lafiyar soro da katanga ake tambaya ba. Gida mutane ne, shi ya sa karin maganar ya iya ba shi ƙafa, ya ce shi ma yana barin mutum. Kalmar "bari" ɗaya ce a ɓangaren biyu, ka bari, a bar ka, babu wanda ya ci bashin wani.

Yadda abin ke faruwa a hankali ne, ba da faɗa ba. Shekarar farko, ba za a sa ranar auren ƙanwarki ba sai an kira ki an ji ta bakinki. Bayan an ɗan jima, sai an yanke magana sannan a sanar da ke. Gaba kaɗan, a WhatsApp za ki ga hoton suna, ki tambaya ɗan wa ye. Ɗakinki an ba amaryar ƙaninki, akwatunanki an ɗora su bisa durowa a ɗakin Inna, yaran da aka haifa bayan tafiyarki kuma "Anti ta Ingila" suka sani, in an miƙa musu waya su ɓuya bayan uwarsu. Ba wanda ya ƙi ki. Biki da suna da rabon gado ba sa jiran wanda ba ya nan. Abin da Gwaggo ke nufi ke nan, kuma tsoron kada a rasa ki ne ya sa ta faɗa.

Kada ki manta, Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne ya ce "Tafiya mabuɗin ilmi." Zariya ma da baƙi ta yi suna. Tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, almajirai ke baro garuruwansu su zo ɗaukar karatu a zaurukan malaman Unguwar Juma da Kona. Kowane karin magana da wurin da ake faɗinsa. Na farko na bakin mai rakiya ne, na biyu na bakin wanda ya dawo.

Sai batun kewa da bege. Matasa kan haɗa su wuri ɗaya, har da marmari da kaɗaici, alhali kowanne da inda ya dosa. Kewa 'yar sabo ce. Ba a kewar abin da ba a taɓa zama da shi ba. Abu ne da ka saba gani ko ji, aka ɗauke shi, wurinsa ya zama fili, kamar giɓin haƙori da harshe ke ta komawa kansa. Shi ya sa in baƙo ya tafi ake ce wa masu gida "yaya kewa?", in aka aurar da yarinya a ce gida ya yi kewa. Ki lura, gaisuwar ta wanda aka bari ce, domin a da shi aka fi tausayawa. Yanzu da tafiya ta yi nisa, matafiyin ma ya cancanci a yi masa ita.

Bege kuwa ƙauna ce mai jan zuciya zuwa ga abin da take son ta isa gare shi, ko da ido bai taɓa ganinsa ba. Masu begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba su gan shi ba, amma suna rera waƙa har hawaye ya zubo. Tsohon da bai taɓa zuwa Madina ba yana begenta, ba za a ce yana kewarta ba sai ya je ya dawo. Marmari yawanci na baki ne, abin da aka daɗe ba a samu ba: tuwon dawa da miyar kuka, fura mai sanyi, raken da ake sarewa a bakin hanya. Daga nan ne aka samu kayan marmari. Kaɗaici rashin mutane ne kawai, duk wanda ya shigo ya zauna da ke ya kore shi.

To, naki kewa ce. A watan Disamba rana kan faɗi a garinku kafin ƙarfe huɗu na yamma, ki fito daga asibiti cikin duhu da sanyi, ba ladan ko ɗaya a kan titi. A cikin Birni kuwa magariba ce lokacin da gida ke cika, masallatai na kira ta ko'ina, ana kora awaki, ana kwasar tuwo, almajiri na sallama a ƙofa. Jikinki ya san wannan lokacin. Abokan aiki za su iya raba ki da kaɗaici, shagon 'yan Afirka zai iya kashe miki marmari da kuka da daddawa, amma kewa takan ragu ne kawai in sabon sabo ya samu. In Inna kike son gani har ki ji ƙirjinki ya yi nauyi, nan bege ya shigo, ba laifi ki ce duka biyun.

Wasiƙa ta biyu daga wani malami ne ɗan Samaru da ke ƙaro karatu a Malesiya. Ya ce: "An ce zumunta a ƙafa take. Ni ina kiran gida ta bidiyo, ina aika kuɗi duk wata. Wannan karin maganar bai tsufa ba kuwa?"

Malam, bai tsufa ba, kuma yana da ɗan'uwa: "Zuwa da kai ya fi saƙo." Ƙafa a nan tana wakiltar wahalar da mutum ya ɗauka don wani. Wanda ya taso daga Samaru ya shiga Birni don dubiya ya ba da lokacinsa da kuɗin motarsa, ya zauna a tabarma, ya sha ruwan gidan. Kuɗin da kake aikawa alheri ne babba, amma a ma'aunin Bahaushe aike ne. Wayar kuwa ina ganin a raba ta biyu. Malesiya ta riga Nijeriya da awa bakwai. In Hajiya ta idar da lisha ta zauna wajen ƙarfe takwas, kai uku na dare ne a wurinka. Wanda ya katse barcinsa don ya same ta a lokacin da hankalinta ke kwance, ni dai a ganina ya yi wani abu da ya yi kusa da tattaki. Wanda ya tura saƙon murya yana tafe a hanya bai yi ba.

Inda waya ke gazawa shi ne rasuwa. Mu mukan rufe mamaci cikin 'yan awoyi, ba jirgin da zai iso da kai. Wannan ba sabon abu ba ne. Fataken Gwanja da ke zuwa Salaga, a ƙasar Ghana ta yau, sayen goro kan yi watanni a hanya da jakunansu a bayan madugu, a haihu a mutu ba su sani ba. (Har zolayarsu ake yi, a ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.) Dabarar da ta dace da kai ita ce wakili. Ka sa ƙaninka ko amininka ya taka ya je barka ko ta'aziyya ya ce kai ka turo shi, kai kuma ka bi da waya. Kuma kada kiran ya tsaya kan Hajiya da iyalinka. Kawu da gwaggo da ba su riƙe babbar waya su ne suka fi lissafin wanda ya gaishe su.

Ta uku gajeriya ce, daga wani saurayi ɗan Tudun Wada da ke tuƙin mota a Jidda, ya ce da biza ya shiga, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, na aiki. Abokansa na tsokanarsa, wani ya ce ɗan ci-rani, wani ya ce Takari, wani ya ce baƙon haure. Wanne ne nasa?

Ɗana, ci-rani daga cin rani yake, irin ci ɗin da ke cikin cin kasuwa. Manomi ne da ya gama girbi, ya tafi birni ya yi ga-ruwa ko dako ko yankan farce, ya rage wa rumbu baki, da an ga hadari ya koma gona. Sharaɗinsa dawowa kafin shuka, ko da yake kafafen yaɗa labarai sun faɗaɗa kalmar yanzu ta haɗa da masu tsallaka teku zuwa Turai. Haure shi ne inda ganuwa ta zaizaye har mutane ke haurawa ba su bi ta ƙofa ba. Baƙon haure ke nan wanda ya shiga ƙasa ba ta hanyar hukuma ba. Takari daga Takrur ne, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, wadda Larabawa suka riƙa kiran mutanen Afirka ta Yamma da sunanta. Asalinta ba zagi ba ce. Mahajjatan zamanin da kan tafi da ƙafa suna yada zango shekara da shekaru, wasu su zauna a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa Sudan, garin da suka kafa kusa da Sennar har yau Mai Wurno ake ce masa. A bakin mutanen yau ne kalmar Takari ta koma kan mai zama a Saudiyya ba takarda.

Tunda ka ce da biza ka shiga kuma iƙamarka na aiki, haure bai shafe ka ba, Takari irin na tsokana ma haka. Ci-rani ne ya fi kusa, in dai da ranar dawowa a ranka. In za ka rubuta a takarda, ka ce mazaunin ƙetare. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.