Hukuncin direban babbar mota da ya ɓoye ciwon zuciya don kada a karɓe masa mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni direban tirela ne, shekarata 22 a kan sitiyari ban taɓa kaɗe ko akuya ba. Wata biyu da suka wuce ƙirjina ya riƙe, aka kai ni asibiti, likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciyata jini ce ta toshe, aka buɗe ta aka saka wani ɗan bututu. Yanzu na warware, ba na jin komai. Kamfanin da nake wa aiki ya ce sai na kawo takardar shaidar lafiya, wani abokin aiki kuma ya ce zai samo mini ita ba tare da an gwada ni ba, in na ba da ɗan wani abu. Ina da iyali, tuƙin nan kaɗai na iya. Ya halatta in karɓa in yi shiru, tunda rai a hannun Allah yake?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka sauƙi ɗan'uwa, ya sa ciwon ya zama kaffara. Wanda ya tsaya ya yi tambaya alhali takardar tana jiransa, akwai tsoron Allah a tare da shi.

Bai halatta ka karɓi wannan takarda ba, bai kuma halatta ka ɓoye ciwon ga likitan da zai gwada ka ko ga mai motar ba. Amma ciwon zuciya shi kaɗai bai haramta maka tuƙi ba, kuma mai yiwuwa ne ƙwarai ka koma bakin aikinka ta ƙofar gaba.

Da haɗarin kanka kaɗai zai tsaya, da ayar Baƙara ta 195 ta ishe mu, inda Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. To amma ka fi ni sanin abin da kake ja. Tirela da cikakken lodi tana haura tan 35. In tana gudun kilomita 80 a awa, kowace daƙiƙa tana cin kusan mita 22. Direba ya suma na daƙiƙa biyar kacal, ƙafarsa a kan totur, motar ta shafe fiye da mita 100 ba mai riƙe da ita. A cikin wannan tazara akwai mai babur, akwai motar fasinja, akwai yaro mai tsallaka titi, ga yaron motarka a gefenka. Ba wanda ka nemi izininsa a cikinsu. Annabi (SAW) ya ce: "La darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da ƙa'idar cewa ana jure cutar da ta shafi mutum ɗaya don a kauce wa wadda za ta shafi jama'a. Zamanka a gida na wasu watanni cuta ce, ban raina ta ba, sai dai ba za a ɗora ta a sikeli ɗaya da rayukan mutane ba.

Ranar 22 ga Disamba 2014, a birnin Gilasgo na Sukotland, direban wata motar kwashe shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar gari, motar ta bi ta kan mutane, shida suka mutu, 15 suka ji rauni. Binciken da aka yi ya gano ya taɓa suma a 2010 yana cikin bas ɗin da yake tuƙawa, ya ɓoye a takardun neman aiki da na lasisi. Shi ma tsakanin sumar 2010 da ta 2014 fiye da shekara huɗu ya yi yana ci gaba da tuƙi.

Shi ya sa "ba na jin komai" ba hujja ba ce a nan. Wurin da jini ya yanke wa a naman zuciya yakan bar tabo, tabon kuma yana iya rikita bugunta ba tare da gargaɗi ba, mutum ya faɗi nan take. Wannan ba a gane shi da ji a jiki, sai da awo. Allah ya ce mu tambayi ma'abota sani in ba mu sani ba, kuma a wannan mas'ala ma'abocin sani likitan zuciya ne. Ni da nake ba ka fatawa ban isa in ce ka warke ba, ballantana abokin aikinka.

Dokokin da hukumomi suka kafa ma, in ka duba su, ba korar direba aka nufa da su ba. A Birtaniya, direban babbar mota da ya samu irin ciwonka yana ajiye tuƙi aƙalla mako shida, sannan a yi masa hoton zuciya a ga ko tana tura aƙalla kashi 40 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu, a kuma ɗora shi a kan injin tafiya ana kallon yadda take ɗaukar wahala. Ya haye, a mayar masa da lasisinsa. A Amurka takardar lafiyar direban haya ba ta wuce wata 24, mai hawan jini a kan ba shi ta shekara ɗaya ko ƙasa da haka, wanda awonsa ya kai 180 bisa 110 kuwa a dakatar da shi sai ya sauka. Abin da ƙasashen biyu suka rufe ƙofa a kansa shi ne wanda aka dasa wa na'urar da ke ba zuciya shokin in ta rikice, domin shokin ɗin kansa yana iya gusar da hankalin direba. Kowace ƙasa da tsarinta, kai kuma na ƙasar da kake tuƙi a cikinta ne ya hau kanka. Bin irin wannan doka yana cikin biyayya ga majiɓinta al'amari da ayar Nisa'i ta 59 ta yi umarni da ita. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, saboda kare rai da dukiya aka kafa su.

Ita kuwa takardar da za a samo maka, laifi uku ne a ƙunshe cikin fallen takarda ɗaya. Akwai shaidar zur daga wanda zai sa hannu cewa ya gwada ka alhali bai gan ka ba, kuma Annabi (SAW) ya lissafa ta cikin mafi girman kaba'irai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Akwai cin hanci, wanda aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Ka kira shi "ɗan wani abu", sunan bai canja hukuncin ba. Akwai kuma ha'inci ga mai motar da ya damƙa maka dukiyarsa bisa sharaɗin lafiya, "wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu".

Sai maganar da direbobi ba su cika tunawa da ita ba, wato lamuni, ɗaukar alhakin ɓarnar da aka yi. Mai Risala ya ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka, malamai kuma suka yi ƙiyasin mota a kan haka. Direban da ciwo ya faɗo wa kwatsam, bai san da shi ba, bai yi sakaci ba, yana da uzuri. Wanda likita ya gaya wa halin da yake ciki ya ɓoye ya hau mota, wannan mai sakaci ne. In rai ya salwanta, hukuncin kisan kuskure na ayar Nisa'i ta 92 ya hau: diyya, da kaffarar 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da kaffararsa. Ka lissafa wa kanka in motar fasinja ce.

Cewa rai a hannun Allah yake gaskiya ne. Sayyidina Umar ya san haka fiye da mu, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Abin da zan ce ka yi: ka koma wurin likitan da ya yi maka aiki, ka gaya masa ƙarara cewa tirela kake ja, ka faɗi awa nawa kake yi a hanya, ka nemi ya yi maka gwajin da ya dace. In ya ce ka jira, ka kai wa kamfani wannan takardar ta gaskiya ka roƙi a ba ka wani aiki a gareji ko wurin lodi kafin lokacin. Masu motoci su ma su ji tsoron Allah, domin korar duk wanda ya faɗi gaskiya ita ke koya wa sauran direbobi ɓoyewa. In likita ya yarda ka koma tuƙi, shan maganinka a kan lokaci ya zama wajibi a kanka, musamman na hana jini daskarewa, wanda barinsa ba da izinin likita ba yana iya toshe bututun da aka saka maka. Duk ranar da ka ji nauyi a ƙirji, ko zafi yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko gumi mai sanyi, ko jiri, ka gangara gefe ka ja birkin hannu ka kashe mota ka nemi taimako, ko da saura kilomita biyu ka sauke kaya.

In kuwa likita ya ce babbar mota ta ƙare maka, ka tambaye shi ko ƙaramar mota ta halatta, don sharuɗɗanta sun fi sauƙi. Kuma mutumin da ya yi shekara 22 bai kaɗe ko akuya ba, akwai masu neman wanda zai koya wa yaransu hannu irin nasa.

Wallahu a'alam.